Rarar yanka ta ciki a shafuka masu fuskantar juna: in sa 3 ko in bar sifili?

Ɗan Yelwa, Garwa

Salamu alaikum. Barkanmu da aiki, manya da ƙanana.

Ina da ɗan shago a Yelwa nan Garwa. Yawancin aikina katin aure ne da na suna da kyallen talla (bana), wato abin da bai wuce falle ɗaya ba. To yanzu wani Alhaji mai sayar da kayan fata, wanda yake saro jakunkuna da takalma da alabe daga hannun dukawan Marwa, ya ba ni aikin ɗan littafin nuna kaya. Shafi 32 ne har da bango, girman A5, wato milimita 148 da 210. Kusan kowane shafin hagu hoto ne cike har baki, ba farin gefe ko kaɗan. Na dama kuma fari ne, da sunan kayan da launukan da ake da su da farashi.

InDesign, manhajar tsara shafuka, nake aiki da shi, na Faransanci. Na sa alama a Pages en vis-à-vis don in riƙa ganin hagu da dama tare. A wajen Fond perdu, wato rarar yanka, ɗan abin da hoto yake wuce bakin shafi don wuƙa ta datse, na rubuta milimita 3, kuma da yake 'yar alamar sarƙar da ke haɗa akwatunan a ɗaure take, sai akwatunan huɗu duk suka ɗauka: sama, ƙasa, waje da ciki. Da na fitar da PDF shafi-shafi sai na ga abin da ya ɗaure min kai. Kowane farin shafi yana da siririn layi mai duhu a gefensa na ciki, yankin hoton da ke kusa da shi. Shafin hoton kuma, rarar da ke gefensa na ciki fara ce fat, alhali ni jan fata nake sa ran gani.

Ga ƙarin rikici. Alhaji iri biyu yake so. Masu yawa da agaraf (ƙusar sitefila) biyu a tsakiya, na rabawa ga abokan ciniki, sai 'yan kaɗan da sifiral (ɗaurin waya mai zobba) waɗanda za a ajiye a kan kanta ana buɗawa kullum. A Yawunde za a buga, kuma abin da suka aiko min kawai shi ne "PDF, milimita 3 ko'ina". Ni fayil zan tura, kaya su biyo jirgin ƙasa zuwa Ngaundere su hau mota zuwa nan. Ba ni da halin tsayawa a bakin inji in ce a dakata.

Akwai kuma hotuna biyu da suka ratsa shafi biyu: na shagon gaba ɗaya a 16 da 17, da na wata doguwar jaka a 8 da 9.

Shin layin nan zai fito a littafin? In sa sifili a ciki? Kuma fayil ɗaya zai isa ga iri biyun?

Baba Mai Wuƙa, Ngaundere

Wa alaikumus salam ɗana. Ya zafin Garwa?

Ni ba gwanin InDesign ba ne, yara ne suke yi min wannan. Aikina ninki da ɗauri da yanka, tun ana jera fim da hannu a kan teburin haske. Saboda haka daga wajen wuƙa zan ba ka amsa.

Ana barin rara ne domin wuƙa ba ta sauka daidai kan layi ɗari bisa ɗari. Takarda tana ɗan zamewa, bugun gaba da na baya ba sa haɗuwa cif, tulin da ke ƙarƙashin wuƙa yana ɗan karkata. In hoto ya tsaya daidai bakin shafi, kuskuren rabin milimita ya isa ya bar farin zare a gefe. To duk gefen da wuƙa za ta bi yana bukatar rara. Gefen da ba za ta bi ba, ba ruwansa. Abin da za ka tambayi kanka ke nan game da gefen ciki: ninke shi za a yi ko yanke shi?

Mu ɗauki na agaraf. Shafi 32 falle 8 ne, kowane falle yana ɗauke da shafi 4, biyu gaba biyu baya. A kan fallen, shafi na 32 ne yake zaune kusa da na 1, na 2 kusa da na 31, na 8 kusa da na 25. Duk biyun da ka haɗa lissafinsu 33 ne. Maƙwabcin da kake gani a kwamfuta ba shi ne maƙwabcin shafin a kan takarda ba, in ban da 16 da 17 da suke tsakiya. Ana manna su baki da baki, a ninke a wurin, a buga agaraf, sannan a yanke gefe uku. Wuƙa ba ta taɓa ciki. Rarar ciki ba ta da wurin zama a nan, domin in ta zauna to cikin shafin wani ta shiga.

Maɗaba'ar da take jera shafuka da manhajar jeri ta gaske, ita da kanta take datse rarar cikin, saboda PDF yana ɗauke da iyakar yanka a ɓoye kuma manhajar tana karanta ta. A wurinsu ko ka sa 3 ko sifili duk ɗaya. Amma ba nan gizo yake saƙa ba. Akwai inda yaro ne zai jawo shafukanka ɗaya-ɗaya cikin CorelDRAW ya jera da ido. In ya manna su da rararsu, milimita 6 ta ƙaru a tsakiya, layin nan mai duhu ya fito a ninki, kuma duk shafukan sun matsa waje sai wuƙa ta ci rubutu. Na ga irin wannan ya iso teburina ba sau ɗaya ba, kuma a lokacin an riga an ɓata takarda. Shi ya sa ni ra'ayina, na agaraf ka kwance sarƙar ka sa sifili a ciki. Abin da babu shi a fayil ba mai buga shi.

Na sifiral kuwa wani zance ne daban. Babu ninki sam. Kowane falle ana yanke shi ta gefe huɗu, a huda, a zura waya. Gefen ciki a fili yake, ido yana ganinsa ta tsakanin zobban. Nan kana bukatar rarar ciki ta gaskiya, wadda hoton shafin ne da kansa ya miƙe zuwa cikinta. Abin da kake da shi yanzu ba ita ba ce. In wuƙa ta kauce kaɗan, shafin jan fata zai sami farin zare, farin shafi kuma ya sami jan zare. Duka biyun munana ne, amma na farin shafin ya fi tsone ido.

Saboda haka fayil biyu za ka yi. Kuma a na sifiral ka janye rubutu da farashi daga gefen ciki, aƙalla milimita 12, kada huda ta cinye sifilin ƙarshe na kuɗi Alhaji ya zo yana nemanka.

Hoton 16 da 17 a na agaraf lafiya lau, falle ɗaya ne. Sai dai agaraf yana fitowa a tsakiyarsa, kada ka ajiye fuskar mutum ko rubutun allon shago a kan layin. Na 8 da 9 kuwa falle biyu ne daban: 8 yana tare da 25, 9 yana tare da 24. Sai an ninke an shigar da ɗaya cikin ɗaya kafin su haɗu. In igiyar jakar ta ratsa tsakiya a karkace, kauciyar milimita ɗaya za ta nuna ta kamar an tsinka an ƙulla. Da ni ne, ko in kai jakar tsakiyar littafi in mai da hoton shago shafi ɗaya, ko in matsar da ita yadda bango mara zane ne kawai zai faɗa kan ninkin.

'Yar Domayo, Marwa

Sannu Baba, Allah ya ƙara girma. Bayanin wuƙa ba wanda zai ƙara a kai. Amma a kan sifilin nan ina da ɗan ja, da izininka.

Kafin nan, Malam Ɗan Yelwa, ga dalilin layin. Lambar da ka rubuta a akwati ba ta ƙirƙirar hoto. Cewa kawai take yi a faɗaɗa tagar da za a fitar da milimita 3, duk abin da aka tarar a wurin a kwashe. A sama da ƙasa da waje, abin da ke wurin shi ne hoton da ka ja ya wuce baki. A ciki kuwa gida biyu ne masu katanga ɗaya, in ka matsar da taka filin maƙwabci ka shiga. Manhajar ba ta lalace ba, haka take yi wa kowa. Kuma wannan ɗabi'ar ita ce daidai ga hoton da ya ratsa shafi biyu, domin abin da ke hayin layin ci gaban hoton ne.

Inda na saɓa da Baba: mutanen sun rubuto maka cewa 3 ko'ina. Wata maɗaba'ar da gangan take faɗin haka. A littafin agaraf, fallen ciki suna turowa waje saboda kaurin waɗanda suka lulluɓe su, wuƙa kuma ta daidaita bakin, sai shafukan tsakiya su fi na waje ƙanƙanta. A falle 8 na takarda mai sheƙi mai giram 135 abin zai kai wajen milimita 1. Ka ninke falle 8 na takardar ka auna da rula, za ka gani. Manhajar jeri tana gyara wannan ta hanya biyu: ko ta tura shafukan tsakiya zuwa ninki, ko ta janye na waje daga ninki. In ta biyun suke yi, suna bukatar ɗan abin da za su cike gibin da shi, kuma daga rarar ciki za su samu. Sannan wasu wuraren na'urar karɓar fayil ce take duba girman shafi, in ba ta ga rara a gefe huɗu ba ta mayar maka da shi, ko da mutum zai iya aiki da shi.

To ni abin da nake yi, ina ba su rarar ciki ta gaskiya a fayil ɗin duka biyu. In sun datse, ba asara. In sun bari ta leƙo kaɗan, launin shafin ne ya leƙo, ba na wani ba.

Yadda ake yi a InDesign, ba tare da ka rushe hagu da dama ba:

Fara ajiye kwafi da wani suna, kada ka taɓa na asali. Buɗe allon Pages, ka shiga ɗan jerin umarninsa, ka cire alamar da ke kan Autoriser la réorganisation des pages du document. In ba ka cire ba, da ka ja shafi ɗaya sauran za su gudo su cike gurbin. Sai ka kama shafin dama na kowane biyu ka ja shi gefe a hankali har ka ga wani baƙin layi a tsaye ya bayyana nesa kaɗan da ɗan uwansa, ka sake. Zai sauka shi kaɗai, amma yana nan a ɓangarensa na layin ɗauri. Na hagu yana hagu, na dama yana dama, lambar shafi da faɗin gefen ciki ba su juya ba. Biyu-biyu 15 gare ka, tunda shafi na 1 da na 32 dama su kaɗai suke. Aikin shan shayi ɗaya ne.

Akwai wata hanyar da kayan aikin shafi, wanda ya shigo tun CS5 a 2010, Shift da P. Ka zaɓi shafin dama, ka sa alamar cewa abubuwa su bi shafi, ka ƙara masa milimita 6 ko fiye a lambar X. Sai rata ta buɗe tsakaninsu, kowa ya sami rararsa, kuma kana ci gaba da ganinsu tare. Ni ta farko na fi sabawa da ita.

Raba shafukan rabin aiki ne. Dole ka bi kowane hoto ka ja akwatinsa zuwa jan layin rara ta gefen ciki, sannan ka duba ko hoton da ke cikin akwatin ya kai can. Sau da yawa akwati yana miƙewa hoto ya tsaya, sai ka ɗan ƙara masa girma ko ka matsar da shi. Ka lura kada kaifinsa ya faɗi ƙasa sosai da ɗigo 300 a kowane inci. In kana da launin bango ko zanen da yake zuwa daga gabari, wato uwar shafin da sauran suke kwaikwayo, shi ba zai miƙe da kansa ba: Ctrl da Shift ka danna shi a kan shafin, ya kwance, ka ja.

Hotunan da suka ratsa shafi biyu su ne masu gardama. Da ka raba, hoton zai bi shafi ɗaya ya bar ɗayan fanko. A fayil ɗin agaraf ka bar 8 da 9 da 16 da 17 a manne kamar yadda suke, rararsu daidai take. A na sifiral sai ka kwafe hoton, kowane shafi da rabinsa, kowane rabi ya wuce layi da milimita 3. Gaskiya dai ni ba na son hoto mai ratsawa a sifiral, waya da ramuka suna raba shi biyu ko me ka yi.

Wajen fitarwa ka zaɓi Pages, wato shafi-shafi, ba Planches mai haɗa biyu-biyu ba, ka sa alamar amfani da rarar da ke cikin fayil. Hanyar dubawa mai sauƙi: fitar da gwaji ba alamar yanka, ka buɗe a Acrobat, Ctrl da D. In ka ga 154 da 216, rara ta zagaye huɗu. In ka ga 151 da 216, ta ciki sifili ce.

Na Kusuri, mai aiki a Njamena

Yaya 'Yar Domayo ta gama magana. Abu biyu kawai zan ƙara.

Mu nan aiki yakan zo da Faransanci da Larabci, tunda su biyun ne harsunan hukuma a Cadi. Littafin Larabci daga dama ake ɗaure shi, don haka shafi na 1 yana hagu kuma gefen cikinsa dama ne. Wanda ya tsara da InDesign ɗin da ba na Gabas ta Tsakiya ba, ya bar ɗaurin a hagu, ya sa sifili a ciki, to sifilin nan a bakin da wuƙa za ta bi ya faɗa. In Alhajinka ya ce gobe a yi masa na Larabci don masu saye daga wajenmu, ka tuna da wannan. Rara ta gaskiya a gefe huɗu tana tsare mutum daga irin wannan ma.

Na biyu, ga masu son bugawa a gida da injin leza. A5 biyu a jere 296 ne da 210, da rara 302 da 216. A4 297 ne da 210. Ba ya shiga. Littafin A5 mai hoto har baki ba ya fita daga A4, sai dai a rage girmansa. A kan SRA3, mai 320 da 450, shafi huɗu masu cikakkiyar rara suna zama daidai, 308 da 432. Na faɗa ne don 'yan kwafin sifiral ɗin, wataƙila ba sai sun je Yawunde ba in akwai mai injin SRA3 kusa da kai.

Ni Scribus nake amfani da shi, kyauta ne, shi ma yana da akwatin ciki da na waje. In aikin sifiral ne zalla ba na wahalar da kaina, shafi ɗai-ɗai nake buɗewa tun farko, in yi gabari biyu, na hagu da na dama.

Baba Mai Wuƙa, Ngaundere

'Yata, na ji, kuma batun turowar takarda gaskiya ne. Amma hanyarki tana maganin launi ne, ba ta maganin yaron da zai manna shafi da rararsa. Ko launin daidai ne, milimita 6 ɗin tana nan a tsakiya, littafin ya fi ƙarfin ma'auninsa. Don haka ɗana, kafin ka zaɓi nawa ko nata, kira su ka nemi mai jera shafuka, ba mai karɓar kuɗi ba. Tambaye shi da me yake jerawa, kuma yana son rarar ciki a na agaraf ko ba ya so. Sannan ka ce ya turo maka PDF ɗin jerin kafin a yi farantin bugawa. Ka auna faɗin shafi biyu daga alamar yanka zuwa alamar yanka. 296 za ka gani. In ka ga 302, a tsaya.

Ɗan Yelwa, Garwa

Allah ya saka da alheri Baba, ya ƙara lafiya. Yaya, na gode, na bi matakan kuma layin ya ɓace. Acrobat yana nuna 154 da 216.

Na sami mai jerin a waya. Ya ce manhajarsu tana datse ciki da kanta, in bar 3, kuma zai turo jerin in duba. Ya ƙara da cewa in aiko bango daban, shafi 4, tunda kwali mai kauri za a sa masa, cikin ya zama 28. Jakar kuma na ɗauke ta daga 8 da 9 na kai ta tsakiya, hoton shago ya koma cikin bango. Alhaji bai so ba da farko, sai da na ninke farar takarda 8 na rubuta lambobi na warware a gabansa ya ga inda 8 take da inda 9 take.

Saura tambaya ɗaya. Tunda bangon daban zai tafi, in fitar da shi shafi-shafi kamar sauran, ko a shimfiɗe?

'Yar Domayo, Marwa

Na agaraf ba shi da kaurin baya da za a lissafa, don haka ko wanne ya yi, amma a shimfiɗe ya fi tsaro in launi ɗaya ne ya zagaye gaba da baya. Buɗe sabon fayil mai faɗin 296 da tsawon 210, rara 3 ta zagaye. Fuskar farko: bangon baya a hagu, na gaba a dama. Fuska ta biyu: cikin bangon gaba a hagu, cikin na baya a dama. Ka rubuta masa haka a saƙo, kada ya juya. Na sifiral kuwa bangon gaba da na baya falle biyu ne daban, su tafi ɗai-ɗai da rararsu huɗu, kuma sunan shagon ya nisanci gefen huda kamar yadda Baba ya ce game da farashi.